Shin shiga kulob ɗin harbi a Jamus ya isa a ba mutum izinin sayen ƙaramar bindiga?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Jamus shekara uku ke nan ya aiko da tambaya cewa, ya ji abokan aikinsa suna faɗin duk wanda ya yi rajista da kulob ɗin harbi yana da damar sayen ƙaramar bindiga ya ajiye a gida, don haka yana son sanin ko gaskiya ne, da sharuɗɗan da ake cikawa, da kuma ko baƙo irinsa zai iya samu. Ya ƙara da cewa unguwar da yake ba ta kwanta masa a rai ba, musamman idan ya taso daga aikin dare.

Malam, abin da abokan aikinka suka gaya maka rabin magana ne, kuma rabin da suka bari shi ne mai nauyi. Na daɗe ina cikin irin wannan kulob, na kuma yi shekaru ina tsayuwa a matsayin mai sa ido a filin harbi, saboda haka zan bi maka al'amarin yadda yake a dokar makamai ta Jamus da yadda na ga yana gudana a aikace.

Tushen dokar shi ne cewa a Jamus ba a ɗaukar mallakar bindiga a matsayin haƙƙin da aka haifi mutum da shi, izini ne da hukuma take bayarwa ga wanda ya nuna yana da buƙata ta halal. Buƙatun da aka amince da su 'yan kaɗan ne, daga cikinsu akwai farauta, wasan harbi, tara tsofaffin makamai don tarihi, da aikin gadi na kamfanonin tsaro. Kulob yana shigowa ne a kan buƙata ta biyu, domin shi ne hanyar da mutum yake bi ya tabbatar wa hukuma cewa shi ɗan wasan harbi ne na gaske, ba wanda ya fake da guzuma don ya harbi karsana ba. Katin kulob ba lasisi ba ne, kuma shugaban kulob ba shi da ikon ba kowa izinin sayen ko da harsashi ɗaya ya tafi da shi gida. Abin da kulob yake bayarwa shaidar zuwanka harbi ce kawai, ita ma sai bayan shekara guda cur.

Sashe na 14 na dokar ya shimfiɗa sharaɗin a sarari. Dole mutum ya kasance ya yi aƙalla wata 12 yana wasan harbi a kulob, da irin bindigogin da sai da izini ake mallakarsu, kuma a cikin watanni 12 da suka gabata ya yi harbi ko dai sau ɗaya a kowane wata ba tare da tsallake ko ɗaya ba, ko kuma sau 18 a jimlace cikin shekarar. A nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Da yawa daga cikin kulob-kulob na ƙauyuka da ƙananan garuruwa bindigar iska kawai suke harbawa a tazarar mita 10, kuma duk yawan zuwan da mutum zai yi wurin harbin bindigar iska ba ya shiga wannan lissafi. Wanda yake da niyyar ƙaramar bindiga sai ya nemi kulob mai filin mita 25, wanda aka ba shi izinin harba irin harsashin da yake so, in ba haka ba zai wayi gari bayan shekara ya tarar ya yi ta shuka ne a idon makwarwa.

Za ka iya tambaya, da wace bindiga mutum zai yi atisayen shekara guda alhali ba shi da tasa? Da ta kulob. Doka ta yarda a ba mutum aron bindiga a cikin filin harbi, ya sayi harsashin da zai harba nan take, ya harbe shi a wurin, ya mayar da bindigar kafin ya fita. A kulob ɗinmu, da ka shigo da yamma akwai babban littafi a kan tebur kusa da ƙofa, za ka rubuta sunanka da kwanan wata da irin bindigar da faɗin bakinta, sannan kana da naka ƙaramin littafin na aljihu wanda mai sa ido zai sa wa hannu ya buga hatimi bayan ka gama. Ka toshe kunnuwanka, ka tsaya a layinka, bindiga tana kwance a kan tebur a buɗe, bakinta yana kallon allon bara, ba ka taɓa ta sai an ba da umarnin ɗuri, kuma da zarar an ce a tsaya, ko da yatsanka yana kan kunama, sai ka sauke. Wanda ya juyo da bindiga a hannu don ya yi wa na kusa da shi magana, ko da babu harsashi a ciki, a ranar zai ji faɗan da bai taɓa ji ba tun yana makarantar allo. Wannan ƙaramin littafin shi ne dukiyarka a shekarar farko. Na san wani da ya zo sau 14, amma ya tafi hutu gida ya tsallake wata guda, sai ya zamana bai cika na kowane wata ba, bai kuma kai 18 ba, dole ya ƙara jira har lissafin ya daidaita. Ya yi ta roƙon a rubuta masa ranar da bai zo ba, babu wanda ya saurare shi, domin kulob ɗin da aka kama da shaidar ƙarya ya jawo wa kansa da uwar ƙungiyarsa abin da ba za su iya ɗauka ba.

Na ambaci uwar ƙungiya, kuma wannan wani mataki ne da mutane ba su cika sani ba. Ba kulob ne yake rubuta takardar shaidar buƙata ba, uwar ƙungiyar da kulob yake ƙarƙashinta ce, kuma dole ta kasance cikin waɗanda ofishin gudanarwa na tarayya da ke birnin Kolon ya amince da su da kuma kundin ƙa'idojin wasanninsu. Mafi girma kuma mafi daɗewa ita ce DSB, wadda aka kafa a garin Gotha a 1861, aka sake kafa ta a 1951 bayan yaƙin duniya na biyu, tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya da kulob dubbai a faɗin ƙasar. Akwai kuma BDS da BDMP da wasu, waɗanda suka fi karkata ga manyan bindigogi. Bambancin yana da muhimmanci, saboda takardar dole ta nuna cewa bindigar da kake nema an halatta ta, kuma ana buƙatarta, a wani reshe na wasa da ke cikin kundin wannan ƙungiyar. Ba za ka ce kana son bindiga kaza don ta burge ka ba, sai dai ka ce kana harba reshe kaza, kuma ga bindigar da reshen yake buƙata. Ƙananan bindigogin da bututunsu bai kai inci uku ba, wato santimita 7.62, irin waɗanda ake sakawa a aljihu, an cire su gaba ɗaya daga wasan harbi, don haka ɗan wasa ba ya samunsu ta wannan hanya.

Shaidar buƙata ɗaya ce daga cikin sharuɗɗa biyar, sauran huɗun kuwa babu ruwan kulob da yawancinsu. Akwai shekaru: mai shekara 18 zai iya mallakar ƙaramar bindiga mai ƙaramin harsashi, wato .22, wadda ƙarfin fitar harsashinta bai wuce jul 200 ba, amma mai babban harsashi irin milimita 9 sai mutum ya cika 21. Wanda bai kai 25 ba kuma yake neman babbar a karon farko, sai ya kawo takardar likita ko masanin halayyar ɗan'adam da ke tabbatar da hankalinsa ya nuna, kuma shi zai biya kuɗin gwajin. Akwai jarrabawar sanin makami, wadda ake zama a rubuta, a kuma gwada a aikace, ta ƙunshi dokar makamai, da iyakar kare kai a shari'a, da yadda bindiga take aiki, da nisan da harsashi yake iya kaiwa. Da Jamusanci ake yin ta, kuma Jamusancin doka ne ba na kasuwa ba, saboda haka ina ba ka shawara ka fara karanta tambayoyin tun watannin farko. Akwai dacewar mutum a karan kansa, wato kada ya kasance mashayin giya ko ƙwaya da ya kamu, ko mai taɓin hankali, ko wanda ake tsoron zai cutar da kansa ko wani.

Sai kuma sharaɗin amana, wanda a ganina ya fi kowanne kayar da mutane ba tare da sun yi zato ba. Hukumar makamai ta gundumarku za ta bincika kundin masu laifi na tarayya, da na masu gabatar da ƙara, ta tambayi 'yan sanda, kuma tun daga 2020 tana tambayar hukumar kare tsarin mulki, wato masu leƙen asirin cikin gida, ko sunanka ya taɓa fitowa a harkar masu tsattsauran ra'ayi ko wata ƙungiya da aka haramta. Wanda aka yanke wa ɗaurin shekara guda ko fiye saboda laifin ganganci, ƙofa a rufe take gare shi har shekara 10. Wanda aka ci shi tarar da ta kai ta kwana 60, a tsarinsu na lissafa tara da kuɗin shigar mutum na kowace rana, a bisa al'ada sai ya jira shekara biyar, kuma irin wannan tarar ba sai an yi fashi ake samunta ba, faɗa a bakin titi ko wata 'yar damfara ta isa. Ba sau ɗaya ake yin binciken a wuce wurin ba, ana maimaita shi aƙalla duk bayan shekara uku muddin mutum yana riƙe da izini.

Game da kasancewarka baƙo, dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, kuma na yi harbi kafaɗa da kafaɗa da Turkawa da 'yan Poland da 'yan Afirka masu izininsu. Sai dai sashe na 4 ya ba hukuma damar ƙin bayar da izini ga wanda bai yi shekara biyar yana zaune a Jamus ba. Damar ƙi ce aka ba ta, ba a tilasta mata ba, amma dalilin a bayyane yake, domin ba ta da hanyar bincika tarihin mutum a ƙasar da ya fito kamar yadda take bincikawa a nan. Kai da kake da shekara uku, abin da ya fi hikima shi ne ka je ofishin tun yanzu ka tambayi yadda suke bi da irin lamarinka, kafin ka kashe kuɗi a kan akwatin ajiya da jarrabawa.

Idan duk wannan ya kammala, sai a ba ka katin mallakar makami, wanda kowa yake kira WBK. Iri biyu ne suka shafi ɗan wasa. Akwai kati mai launin ruwan ɗorawa, na bindigogi irin dogaye masu ɗurin hannu da ƙanana masu cin harsashi ɗaya tak, wanda tun 2020 aka taƙaita shi ga bindiga 10. Akwai kuma kore, kuma shi ne na fistol da libarba da kake tambaya a kai. A kan koren, kafin ka je shago sai hukuma ta fara rubuta irin bindigar da faɗin bakinta, wannan rubutun yana aiki shekara guda, kuma mai shago ba zai sayar maka da wani abu daban da abin da aka rubuta ba. Bayan ka saya kana da mako biyu ka sanar da hukuma a shigar da lambar bindigar a katinka, ta kuma shiga rajistar makamai ta ƙasa da ta fara aiki a 2013. Kason ɗan wasa na asali ƙananan bindigogi biyu ne masu cin harsashi da yawa, da dogaye uku masu ɗura kansu, kuma ba a sayen fiye da bindiga biyu a cikin wata shida. Mai son ƙaramar bindiga ta uku sai ya nuna cewa yana shiga gasa a kai a kai, kuma wasan nasa yana buƙatarta.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙulle-ƙullen yana da ranar baƙin cikin da ta haife shi. A ranar 26 ga Afrilu 2002 wani matashi ɗan shekara 19, wanda aka kora daga makaranta, ya shiga tsohuwar makarantarsa a Erfurt ya kashe mutum 16 sannan ya kashe kansa, kuma ta hanyar kulob ɗin harbi ya samu katinsa. Daga nan aka ɗaga shekarun babbar bindiga zuwa 21, aka kawo gwajin hankali ga 'yan ƙasa da 25. A ranar 11 ga Maris 2009 a Winnenden, yaro ɗan shekara 17 ya ɗauki fistol ɗin mahaifinsa, wanda ɗan wasan harbi ne da ya bar ta a ɗakin kwana maimakon cikin akwatin ƙarfe, ya kashe mutum 15, kuma bayan wannan ne aka ba hukuma ikon zuwa duba ajiya ba tare da wani zargi ba. Birtaniya, bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, ta zaɓi haramta ƙananan bindigogi kusan ɗungurungum a 1997. Jamus ba ta bi wannan hanya ba, ta bar wasan, ta yi ta ƙara ɗaure shi.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba cewa tsarin ya fi ƙwarewa wajen tace mai gaggawa da mai sakaci fiye da mai mugun nufi da ya iya haƙuri. Wanda ya kashe mutum tara masu asalin ƙasashen waje a Hanau a watan Fabrairun 2020 ɗan wasan harbi ne mai izini, haka ma wanda ya buɗe wuta a ɗakin ibadar Shaidun Jehobah a Hamburg a watan Maris na 2023, wanda jami'ai suka ziyarci gidansa makonni kaɗan kafin abin ya faru. Wannan ne ya sa kulob masu hankali ba sa karɓar mutum da gudu. Sukan bar shi ya yi ta zuwa a matsayin baƙo, su ga yadda yake riƙe makami da yadda yake magana, kuma wanda tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai samu tasa bindigar, tun daga ranar an sa masa ido. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wariya idan ya same ka, domin haka ake yi wa Bajamushen da aka haifa a layin kulob ɗin.

Samun kati ba shi ne ƙarshen alaƙarka da kulob ba. Tun daga Satumban 2020 hukuma tana sake duba buƙatar mutum duk bayan shekara biyar, kuma a dubawa biyun farko sai ka nuna cewa a cikin watanni 24 da suka wuce ka yi harbi da bindigarka ta kanka ko dai sau ɗaya a kowane wata uku, ko sau shida a kowace shekara. Mai doguwa da ƙarama sai ya cika wannan a kowane ɓangare daban. Sai bayan shekara 10 ne zama mamba kaɗai yake wadatarwa. Idan ka fita daga kulob, doka ta wajabta wa kulob ɗin ya sanar da hukuma, kuma idan ba ka shiga wani ba, buƙatarka ta faɗi, sai a janye izinin a ba ka wa'adi ka sayar wa mai izini, ko ka sa a lalata bindigar.

Ajiya ma tana da nata dokar. Tun daga Yulin 2017 sabon mai bindiga sai ya tanadi akwatin ƙarfe mai shaidar ƙarfi ta mataki na 0 ko na 1 a ma'aunin Turai mai lamba 1143-1. Na mataki 0 wanda nauyinsa bai kai kilo 200 ba yana ɗaukar ƙananan bindigogi biyar, wanda ya kai kilo 200 yana ɗaukar 10, kuma bindiga ba ta kwana da harsashi a cikinta. Ranar da suka zo duba nawa, mutum biyu ne, suka nuna katin aiki, suka duba tambarin da ke jikin ƙofar akwatin, suka sa na fito da kowace bindiga suna karanta lambarta suna gwadawa da katina, sannan ɗayansu ya tambaye ni inda nake ajiye makulli da ko matata ta san wurin. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin babbar kotun harkokin mulki da ke Münster ta yanke a 2023 cewa makullin ma sai an ajiye shi a wuri mai tsaro daidai da na bindigar, abin da ya sa da yawa daga cikinmu muka koma akwati mai lambobin sirri.

Yanzu ga abin da ka faɗa a ƙarshen tambayarka, wanda nake ganin shi ne ainihin abin da ke ranka. Katin mallaka yana ba ka damar ajiye bindiga a gida, da kai ta filin harbi ko wurin mai gyara, babu harsashi a cikinta, a cikin jaka ko akwati mai kulle yadda hannu ba zai kai gare ta da sauri ba. Bai ba ka damar yawo da ita a ƙugu ba, ko da daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar gidanka ne. Wannan wani lasisi ne daban, wanda sai mutum ya tabbatar cewa rayuwarsa tana cikin haɗarin da ya fi na sauran jama'a nesa ba kusa ba, kuma da wuya ƙwarai ake ba farar hula. Wanda aka kama yana ɗauke da fistol mai ɗura kanta ba tare da shi ba, hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ne, kuma ga baƙo, takardar zamansa ma ta shiga garari. Saboda haka idan tsoron hanyar dare ne ya kawo ka, bindigar da za ka samu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni tana kulle a gida a lokacin da kake kan hanyar, kuma idan ka rubuta wa hukuma ko ka faɗa a kulob cewa don kare kai kake nema, ka rushe hujjar wasan da kanka. 'Yan sandan Jamus suna da ofisoshin ba da shawara kan kariya daga masu laifi, kyauta ne, kuma nan ya kamata ka kai wannan damuwar.

Idan kuwa wasan ne ya ba ka sha'awa, yana da daɗi, yana koyar da natsuwa da sarrafa numfashi, kuma ba sai ka mallaki komai ba kafin ka fara. Ka tuna kawai cewa izinin na Jamus ne, ba ya bin ka gida. A Najeriya, alal misali, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su, don haka ranar da ka tashi komawa, sai ka sayar da ita ga mai izini a nan, ka kai katinka ofishin a soke lambar kafin ka ɗaure kaya.